Motar Sulke da Amanar da ke Cikinta: Labarin Kamfanin Brink's

(KIƊAN BUƊE SHIRI, SANNAN A SASSAUTA)



Duk wanda ya taɓa zama a babban gari ya san wannan motar. Kana tafe a titi sai ka ji jiniya daga baya, motar 'yan sanda a gaba, wata a baya, a tsakiyarsu wata ƙatuwar mota mai kama da akwati, tagoginta 'yan ƙanana, gilashinta mai kauri. Masu Keke Napep su rabe, masu talla su ja da baya, wani ya ce, "Motar kuɗi ce." Kafin ka waiga ta wuce. Ba kasafai muke tsayawa mu tambayi kanmu ba: kuɗin wa ke ciki? Wa ya ɗauki nauyinsa daga lokacin da ya bar banki har ya isa inda za shi? In ya salwanta a hanya, aljihun wa zai yi kuka? Ɗaukar kuɗin mutane daga wuri zuwa wuri sana'a ce mai zaman kanta, tana da tarihi da dokoki da riba da asara, kuma an zubar da jini a kanta. Yau za mu bi sawun ɗaya daga cikin tsofaffin kamfanonin da ke wannan aiki a duniya, wato Brink's na ƙasar Amurka.

A shekarar 1859, a birnin Shikago, wani mutum mai suna Perry Brink, wanda ya yi ƙaura daga jihar Vermont, ya sayi doki da amalanke a kan dala 200. Aikinsa bai wuce dako ba. Yana jiran jirgin ƙasa ya iso, ya ɗauki akwatunan matafiya da ƙunshin 'yan kasuwa ya kai musu masauki. Ya yi sa'ar lokaci, domin Shikago na cika tana batsewa, layukan dogo na shigowa daga ko'ina, kuma a shekarar 1860 jam'iyyar Republican ta yi babban taronta a birnin, taron da ya tsayar da Abraham Lincoln takarar shugaban ƙasa. Baƙi suka yi yawa, kaya suka yi yawa, ɗan dako ya samu ciniki. A 1871 gobara ta cinye babban ɓangaren birnin, har da ofishin kamfanin, amma dawakai da amalanke suka tsira, kuma garin da ake sake ginawa ba ya rasa abin ɗauka. Perry ya rasu a 1874, ɗansa Arthur ya ci gaba.

Shekara talatin da wani abu kamfanin ya yi yana ɗaukar kayan mutane kafin a fara damƙa masa kuɗinsu. Ina so mai saurare ya riƙe wannan. A 1891 ne ya fara kai albashin ma'aikata, na kamfanin Western Electric. A 1900 ya ɗauki kayan banki na farko, buhunan fulawa 6 cike da dalolin azurfa. A lokacin babu sulke, babu gilashi mai tare harsashi. Abin da ya sa aka yarda da su shi ne an daɗe ana ba su akwati suna kai shi a rufe kamar yadda aka ba su. Mu ma mun san wannan a kasuwanninmu: ɗan dakon da ya shekara goma bai taɓa ɓatar da ƙyalle ba, shi Alhaji ke aika banki.

A zamanin, ranar biyan albashi rana ce mai haɗari a Amurka. Masana'antu na biyan dubban ma'aikata tsabar kuɗi a hannu, a cikin ambulan, a rana ɗaya, kuma kowa a gari ya san ranar da lokacin. 'Yan fashi ma sun sani. Kamfanin ya sayi motarsa ta farko a 1904, amma mota ce kamar ta kowa. A 1917 'yan fashi suka tare ma'aikatansa a Shikago suna kai albashi, suka harbe ɗan ɗaya daga cikin manyan kamfanin. Bayan wannan rashi ne aka fara lulluɓe motocin da ƙarfe, har aka kai ga cikakkiyar mota mai sulke a farkon shekarun 1920.

Ɓarayi ba su yi barci ba. Ranar 11 ga Maris 1927, a kusa da birnin Pittsburgh, gungun wani ɗan fashi mai suna Paul Jaworski suka binne abin fashewa a ƙarƙashin hanya, suka jira motar Brink's da ke ɗauke da albashin masu haƙar kwal ta hau kai, suka tayar. Motar ta kife, suka kwashe sama da dala 104,000. Wannan shi ake ƙirgawa a matsayin fashin farko da aka yi wa mota mai sulke a Amurka. Tun daga nan ake ta tsere: kamfani ya ƙara kaurin ƙarfe, ɓarawo ya sake dabara.

(GAJEREN KIƊA)

To, a nan ne labarin ya fi jan hankalina, domin manyan asarorin da kamfanin ya yi a tarihinsa ba ta jikin ƙarfen mota suka shigo ba.

Ranar 17 ga Janairu 1950, da misalin ƙarfe 7 na dare, ma'aikata 5 na ofishin Brink's da ke birnin Boston suna rufe lissafin ranar. Tsakaninsu da titi akwai ƙofofi a kulle, ɗaya bayan ɗaya. Suna ɗaga kai sai ga mutane da bindigogi a kansu, fuskokinsu a rufe da roba, hannuwansu da safa, ba a ji ƙarar ɓalle ko da ƙofa ɗaya ba. Suka ɗaure ma'aikatan, suka liƙe musu baki, cikin kamar minti 20 suka fice da dukiyar da ta haura dala miliyan 2.7, wadda dala miliyan 1.2 daga cikinta tsabar kuɗi ce, saura cekuna da takardun kadara. Ba a taɓa fashi mai girman wannan a Amurka ba kafin ranar.

Yaya suka shiga? Sun kwashe sama da shekara suna nazarin ginin. Suna hawa rufin wani gida da ke kusa suna lura da lokacin da ake kunna fitila da lokacin da ake buɗe ɗakin ajiya. Da dare, bayan ma'aikata sun tashi, sai su lallaɓa ciki, su kwance ƙwayar makullin ƙofa, su ruga wurin mai yanka mabuɗi, su dawo su mayar da ita kafin gari ya waye. Haka suka yi wa ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Sun shiga sun fita sau da dama babu wanda ya lura. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar wannan bango sabo ne: ma'aikata sun saba babu abin da ke faruwa, har suka daina dubawa.

Ƙarshen 'yan fashin ma abin lura ne. Su 11 ne, kuma sun yi alkawarin kowa ya kame bakinsa har shekara 6 ta cika, domin a dokar jihar, in wa'adin ya wuce ba a gurfanar da mutum ba, maganar ta mutu. Kamfanin ya sa ladan dala 100,000, hukumar FBI ta yi ta bincike, shiru. Abin da ya tona musu asiri rabo ne. Ɗaya daga cikinsu, Joseph O'Keefe, ya shiga gidan yari kan wani laifi daban, ya fito ya tarar kasonsa ya yi ƙafa. Da ya matsa da tambaya, aka turo wanda zai harbe shi, Allah ya yi da sauran kwanansa. A watan Janairun 1956 ya buɗe baki, aka kama abokansa saura kwana 5 wa'adin ya cika. Mutum 8 aka yanke wa ɗaurin rai da rai. Daga cikin kuɗin kuwa, abin da aka gano bai wuce dala 58,000 ba.

Bayan shekara 33, a Ingila, aka ga wani salon. Ranar 26 ga Nuwamba 1983, da sassafe, mutum 6 suka shiga ma'ajiyar Brink's-Mat da ke kusa da filin jirgin sama na Heathrow a Landan. Suka watsa wa masu gadi fetur, suka ce za su ƙyasta ashana in ba a faɗi lambobin buɗe ɗakin ajiya ba. Takardun kuɗi suka zo nema, sai suka tarar da sandunan zinariya 6,800, kusan tan 3, na fam miliyan 26. Wanda ya ba su kwafin mabuɗi ya kuma bayyana musu tsarin wurin mai gadi ne a cikin ma'aikatan, Anthony Black, kuma akwai surukuta tsakaninsa da ɗaya daga cikin jagororin fashin. Da ɗan gari akan ci gari. An narkar da mafi yawan zinariyar, ta shige kasuwa, har yau ba a gano ta ba.

A Fabrairun 2013, a filin jirgin sama na Brussels a Beljiyam, mutum 8 sanye da kayan 'yan sanda suka yanke shingen waya, suka iso gindin jirgin da zai tashi zuwa Zurich daidai lokacin da motar Brink's ta gama sauke masa lu'ulu'u. Cikin 'yan mintoci suka tafi da na kimanin dala miliyan 50. A Afrilun 2023 kuma, a filin jirgin Toronto a Kanada, ko bindiga ba a nuna ba. Wani ya zo ma'ajiyar kaya da takardar da aka riga aka yi amfani da ita wajen karɓar kifi, aka loda masa zinariya kilo 400 a mota, ya ja ya tafi. Da ma'aikatan Brink's suka iso karɓar kayan sai suka tarar babu. Kamfanin ya maka kamfanin jirgin Air Canada, mai ma'ajiyar, a kotu.

Ba ina cewa babu fashin ƙarfi da yaji ba. A Oktoban 1981, a garin Nanuet na jihar New York, 'yan bindiga sun buɗe wa motar kamfanin wuta a gaban wani rukunin kantuna, suka kashe mai gadi Peter Paige, daga baya suka kashe 'yan sanda 2 a shingen bincike, a kan dala miliyan 1.6. Irin wannan na faruwa, kuma shi ya fi cin rayuka. Amma in ka jera manyan asarori ka duba, za ka ga mabuɗin da aka kwafa, ma'aikacin da aka saya, takardar da ba a karanta da kyau ba.

(GAJEREN KIƊA)

Jama'a, in yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne kan kamfanin Brink's da sana'ar jigilar kuɗi. Bari mu leƙa cikin kasuwancin kansa, mu ga ta ina riba ke fitowa.

Kuɗin da ke cikin motar ba na kamfanin ba ne, kuma ba kaso yake ɗauka daga ciki ba. Banki ko babban kanti ko gidan mai na ƙulla yarjejeniya da shi: a zo sau kaza a mako, a ɗauka a kai wuri kaza, a biya ladan kowace tsayawa. Ana zuba kuɗin a jaka, a rufe da hatimi mai lamba wanda in an taɓa shi sai ya nuna. Da ma'aikacin kamfanin ya sa hannu ya karɓa, nauyi ya koma wuyan kamfanin har sai wanda aka aika wa ya sa nasa hannun. In jakar ta ɓata a tsakani, kamfanin ne zai biya, shi ya sa inshora ke cikin manyan abubuwan da yake kashe wa kuɗi. Abin da banki ke saya ke nan: ya sauke haɗari daga kansa ya ɗora wa wani.

A cikin motar kowa da aikinsa. Direba ba ya fita, yana kulle a gaba, injin na aiki. Wani ne ke sauka da jaka, in akwai na uku yana tsaye yana duba hagu da dama. Ana sauya hanya da lokaci don kada a haddace su, ofis kuma na bin motar ta tauraron ɗan'adam.

Sai dai tuƙa mota ɓangare ɗaya ne kawai na aikin a yau. Kamfanin na da manyan ɗakunan ajiya inda ake ƙirga kuɗi da injina, a ware jabu da yagaggu, a ɗaure a ajiye wa bankuna. Yana zuba kuɗi a na'urorin ATM yana kula da su. Yana girka wa kantuna wani sef mai ƙwaƙwalwa, wanda in mai kanti ya zura kuɗi zai ƙirga da kansa, ya aika wa banki adadin, a shigar masa a asusu tun kafin motar ta zo ɗauka. Akwai kuma reshen da ke jigilar zinariya da lu'ulu'u da takardun kuɗin ƙasashe ta jirgin sama daga nahiya zuwa nahiya.

Mallakar kamfanin ta sauya hannu. Wani kamfanin haƙar kwal mai suna Pittston ya fara sayen hannun jarinsa a 1956, daga baya ya mallake shi gaba ɗaya. Da harkar kwal ta ja baya, Pittston ya rabu da ita, a 2003 ya ajiye sunansa ya ɗauki sunan Brink's. Hedikwatarsa yanzu tana birnin Richmond na jihar Virginia, ana cinikin hannayen jarinsa a kasuwar New York. A 2018 ya saye abokin hamayyarsa Dunbar a kan dala miliyan 520, a 2020 ya saye mafi yawan harkar jigilar kuɗi ta kamfanin G4S na Biritaniya a kan kimanin dala miliyan 860. Yana aiki a ƙasashe sama da 50, cinikinsa na shekara ya kai kimanin dala biliyan 5. Manyan abokan gogayyarsa su ne Loomis na Suwidin, Prosegur na Sifaniya da GardaWorld na Kanada. Dukkansu abu ɗaya ke hana su barci: mutane na komawa biya da kati da waya, kuma in tsabar kuɗi ta ragu, abin ɗauka ya ragu. Wannan ne ya sa suke ta haɗiye juna suna kuma kutsawa harkar ATM da sef mai ƙwaƙwalwa.

Akwai wani al'amari da nake so 'yan kasuwarmu su saurara da kunnen basira. A watan Yulin 2022, wata babbar motar Brink's ta ɗauko kayan masu sayar da gwala-gwalai daga wani baje koli a Kaliforniya. Cikin dare ta tsaya a wata tashar manyan motoci a garin Lebec. Ɗaya daga cikin ma'aikatan yana barci a mota, ɗayan ya shiga neman abinci. Kafin ya dawo, ƙasa da rabin awa, an buɗe bayan motar an kwashe jakunkuna fiye da 20. Masu kayan suka ce dukiyarsu ta kai dala miliyan 100. Kamfanin ya fito da takardun da suka cike da hannunsu, jimillar abin da suka rubuta bai kai dala miliyan 10 ba, ya ce iyakar abin da zai biya ke nan. Da yawansu sun rage ƙimar kayan ne don kuɗin jigila ya yi sauƙi. Rigima ta koma kotu. A ganina laifi biyu ne a nan, kuma babu wanda ya wanke ɗayan: barin irin wannan dukiya babu ido a kanta sakaci ne, rubuta goma a inda ɗari take kuma yankan kai ne. Mu ma muna yi. Mutum zai ba direba kaya a tasha ya ce atamfa ce 'yar kaɗan don a rage masa kuɗin mota, ranar da kaya suka salwanta ya rasa bakin magana.

Kamfanin ma an kama shi da nasa. A Janairun 2025 hukumar da ke sa ido kan laifukan kuɗi a Baitulmalin Amurka ta ci wani reshensa tarar dala miliyan 37, saboda ya yi jigilar maƙudan kuɗi, har da tsallaka iyakar Amurka da Meziko, ba tare da bin ƙa'idojin hana halasta kuɗin haram ba. Wato bai wadatar a kai jaka lafiya ba, wajibi ne mai ɗauka ya san ta wa ce kuma daga ina ta fito.

A nan Najeriya tsarin ya ɗan bambanta. Babban Bankin Najeriya ne ke yi wa kamfanonin jigilar kuɗi rajista, kuma doka ba ta ba masu gadi na kamfanoni masu zaman kansu damar riƙe bindiga ba. Shi ya sa a Amurka ma'aikacin Brink's ke rataye da bindigarsa, mu kuwa muke ganin 'yan sanda gaba da baya. Wanda ya sha layin banki da na masu POS a farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, ya ga yadda rayuwa ke tsayawa cik in takardar kuɗi ta kasa isa inda ake buƙatarta.

Zuciyata ta fi karkata ga mutumin da ke cikin motar. Yana fita da asuba, ya wuni a cikin akwatin ƙarfe, sau da yawa abin da ke cikin jaka ɗaya a hannunsa ya fi albashinsa na shekaru. Shi harsashi ke fara samu, shi ake fara tuhuma in lissafi bai cika ba. Dubbai irinsa sun yi aikin har suka yi ritaya ba su taɓa ko sisi ba, babu wanda ya san sunansu, alhali sunan Anthony Black ya zaga duniya. Kamfanin da ya sayi mota mai tsada ya bar wannan bawan Allah da albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata, ko ya riƙe masa haƙƙinsa wata biyu, ya gina katanga ne ya bar ƙofa a buɗe.

Don haka ina kira ga masu kamfanonin tsaro da shugabannin bankuna: ku binciki wanda za ku ɗauka kafin ku ba shi mabuɗi, in kun ɗauke shi kuma ku biya shi a kan kari, ku yi masa inshorar rai saboda iyalinsa. 'Yan kasuwa masu tafiya cin kasuwa da kuɗi a jaka ko a ƙugu, ku rage, ku tura ta banki inda hali ya yi, kuma ranar tafiyarku da adadin abin da kuka ɗauka kada ya zama hirar majalisa. In za ku ba da kaya amana, ku rubuta ƙimarsu ta gaskiya, ku karɓi rasit. Direbobi da masu babura, in kun ji jiniyar motar kuɗi ku ba ta hanya, kada ku manne mata a baya, kada ku tsaya kallo a inda take sauke kaya.

A nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci. 

(KIƊAN RUFE SHIRI)